Daddawa a Cikin Injin Ubanka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga maigidana, angon da ya tsere Kaduna ya bar ni da tukunya a kan wuta.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kana ci kana ƙoshi, ka kuma samu wurin kwana mai tsabta a cikin mutanen kirki. Allah ya tsare min kai daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin baki, ya sa garin ya karɓe ka hannu biyu.

Kada ka yi wa rubutun nan dariya. Da hannuna na yi shi, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci tun ubanka yana rarrafe. Kwana huɗu ina fama da shi, don abin da ke ciki ba na bai wa wani ya rubuta ba ne. Labarin gari kuwa ba zan ba ka ba, uwarka tana cika maka kunne da shi a waya. Nawa labarin daban ne.

Kowa a gidan nan Abba yake ce maka. Ni ko Abban ba na so, sunanka na yanka kuma ba ya fita a bakina, tunda sunan kakanka ne, wanda na zauna da shi shekara da shekaru ban taɓa kiran sa da shi ba. Yau mako uku ke nan ba ni da wanda zan ce wa “maigida, ina cefane?” ya ce min “tsohuwa, sai kin yi haƙora.” Idan la'asar ta yi har yanzu ina ɗebe maka fura a ƙaramar ƙwarya, sai na ajiye sannan in tuna.

To, gyara zama. Laifuffuka zan lissafa maka, kuma duk nawa ne.

Ka tuna ranar da ka dawo daga koyon aiki a Katsina da ɗan akwatinka mai waya, wanda ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari ya faɗi abin da ke damun mota? Ni na zuga ka. Na ce, “In da gaske wannan abin yana jin maganar mota, tambayi a-kori-kurar ubanka ko tana son sa.” Ka jona, muka taru muna leƙe, ka ce lafiyarta ƙalau. Na rangaɗa guɗa. Ban san na ɗaura maka dutse a wuya ba, domin duk wanda ya tsaya a wurin ya gani da idonsa cewa ka taɓa mota tana lafiya. Don haka ka ji na farko: kada ka ƙara jona na'urarka a motar da ba a kawo maka ƙararta ba, ko da wata tsohuwa mai surutu ce ta roƙe ka. Mutanenmu ba sa tuna wanda ya gyara, wanda ya taɓa na ƙarshe suke riƙewa.

Yanzu ga babban, wanda ya sa na sayi biro.

A daminar nan ruwa ya yi yawa, ɗakina ya yi sanyi, kalwata ta ƙi nuna. Ka san daddawa sai da ɗumi: a dafa, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a lulluɓe ta kwana biyu ko uku ta yi warinta. Sau biyu tana lalace min. Ran nan da yamma ubanka ya dawo daga kasuwa ya ajiye motar a gindin darbejiya, na zo wucewa na dafa gabanta, sai na ji ɗumi mai daɗi kamar na murhun da aka gama tuwo. Matar direba ce ni, na san inda ake ja bonet ya buɗe tun ba a haifi uwarka ba. Na naɗe ɗan kwanona a cikin buhu, na cusa shi a gefen injin, na rufe. Da asuba, kafin ya dawo daga masallaci, na ɗauke. Maigida, ban taɓa yin daddawa mai kyan wannan ba! Matan unguwa suna ta tambaya ta wace dabara na samo, ina ce musu sirrin tsufa ne.

Na yi ta yi har wajen mako biyu. Wata safiya na ji takun ubanka tun ban shirya ba, na fizgo buhun da sauri, ashe zarensa ya maƙale a wani ɗan siririn tiyo baƙi, bai kai kaurin ɗan yatsana ba. Ya tsinko daga mazauninsa, bakinsa ya tsage. Na mayar da shi yadda na iya, na yago leda na ɗaure, na tura shi can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Na ce a raina, ɗan wannan abu me zai hana mota? Ga manyan ƙarafa nan duk lafiya lau.

Bayan kwana biyu fitila ta kama. Ka san ta, 'yar rawaya mai siffar injin da ke gaban direba.

Ina cikin motar ranar, za mu suna Sandamu. Ubanka yana tuƙi yana hararar fitilar yana tsaki. Ni kuwa na san aikina ne, amma maimakon in yi magana sai na buɗe jaka na ciro filastar da nake manna wa kaushin ƙafata, na yanki kaɗan na liƙe fitilar. Na ce, “Shi ke nan, ta yi barci. Mota tana tafiya, me kake nema kuma?” Matan da ke baya suka yi ta dariya, shi ma ya murmusa. Wannan shi ne laifi na uku, kuma ka sani a wurin aikinka za ka haɗu da irinsa sanye da riga mai kyau. Kai ka faɗa min cewa akwai masu na'ura irin taka da suke danna wani wuri su goge ƙorafin motar, fitila ta mutu, mai mota ya tafi yana murna, ba su taɓa ciwon ba. Wannan da filastata duk ɗaya ne. Ni dai tsohuwa ce mai tsoron asirinta ya tonu. Kai ba ka da wannan uzurin.

Da ka ga filastar ka ɓare ta, ka jona akwatinka, ka zo ka zauna kusa da ni ina tsince wake, kana ta bayani kamar ni ce zan gyara. Ban manta ko kalma ɗaya ba, don kowace kalma a ƙirjina take sauka. Ka ce, “Iya, kin san zugazugin maƙera? To, injin nan yana da nasa, turbo ake ce masa, shi yake hura masa iska ya yi ƙarfi. Amma iskar in ta yi yawa ɓarna take yi, shi ya sa aka yi wata 'yar ƙofa da take buɗewa ta rage. Akwai kuma sansa, ita ɗan aike ce, tana auna iskar ta kai wa ƙwaƙwalwar mota labari. Yanzu ɗan aiken yana cewa iska ta wuce kima. Ƙwaƙwalwar kuma da ta ji haka sai ta rage wa motar ƙarfi da kanta, don kada injin ya fashe.”

Na ce, “To wa ya hana ƙofar buɗewa?”

Ka ce, “Ko dai baƙin hayaƙi ya daskare ya riƙe ta, ko kuma ɗan tiyon da yake tura ta ya huje. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce zai ba ni motar wuni ɗaya kawai.”

Ɗan tiyo. A gabana ka faɗa. Ni kuma na ce maka, “Kai dai da za ka kula da amaryarka kamar yadda kake kula da ƙarfe, da na yi ƙiba.” Ka yi dariya ka tashi.

Ubanka bai ba ka wunin ba. Ya kai ta wurin Ɗanlami makanike, abokinsa tun na ƙuruciya, shi kuma ya ce sansar ce ta mutu, aka sa sabuwa. Kwana ɗaya fitila ta dawo. Aka ce jabu ce, aka sake sa wata. Ina zaune ina kallo ana ta korar 'yan aike masu gaskiya, ni da na san inda ɓarawon yake kwana.

Sai ranar kasuwar Baure. Ya yi lodin gero da raguna biyu na mutane, yana taka totur a kan hanya motar ta saki jiki, ta koma tafiya kamar jakin da ya sha kaya. Ya kashe ya tayar, ta ɗan yi ƙarfi, ta sake saki. Kafin ya isa masu saye sun watse. Ya dawo da kayan mutane yadda ya tafi da su. Ina bayan katangar zaure ina tankaɗe lokacin da ya same ka a cikin mutane.

“Shekara nawa ina jan motar nan ba ta taɓa kunyata ni ba sai da ka cusa mata wannan abin?”

Ka ce, “Baba, sansar ba ƙarya take yi ba. Ka bar ni in duba tiyo...”

“Ka duba me? Ka ƙarasa ta? Ɗauke min akwatin nan daga gidana. In gyara kake so ka koya, je ka koya a motar wani.”

Sai na ji ƙarar zif ɗin jakarka. Rariya tana hannuna, taku biyar ne tsakanina da ku, kuma kalma biyar ta isa: ni ce na taɓa tiyon. Na kasa. Na ji kunyar a ce uwar mai gida, mai jikoki, ita ce take dafa daddawa a cikin injin. Na ce bari ya huce tukuna, gobe na faɗa. Goben ta zama jibi. Kafin in ankara ka karɓi aikin garejin nan na Kaduna da ka daɗe kana ƙi saboda ni. Ranar tafiyarka ka durƙusa ka gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Ni kuma na bi ka har bakin titi ina tsokanar ka wai za ka dawo min da kan mota ɗaya na lefe, don in na yi shiru kuka zan yi.

Ka yafe min, maigida. Ban iya faɗar wannan da wasa ba, na gwada ya ƙi.

Abin da nake so ka ɗauka a nan, in an kawo maka mota, kafin ka jona komai ka tambayi mai ita: me ya faru kafin fitilar ta kama? Wa ya buɗe ta? A ina take kwana? In ya ce babu wanda ya taɓa, kada ka ƙaryata shi, watakila iyakar saninsa ke nan, amma ka sa a ranka kowane gida yana da irina. Ka sa ido, ka sa hannu, ka sa hanci ma. Da ka sunkuya ka shinshina injin ubanka da ka kama ni tun ranar farko. Kuma ka fara da ƙananan abubuwa masu araha, tiyo da waya da abin da ya kwance, kafin ka ce wa bawan Allah ya sayo babban ƙarfe.

Ɗanlami kuma kada ka riƙe shi a zuciya, kada ka rena irinsa a can. Mutumin da yake kafa sukundireba a jikin injin ya sa kunne ya faɗa maka abin da ke ƙara a ciki, ba jahili ba ne. Motocin ne suka canza masa harshe da tsufansa. In ka tarar da dattijo irinsa a garejinku, ka nuna masa abin da akwatinka ya ce a gefe, ba a gaban mai mota ba, shi kuma zai nuna maka abin da akwatin bai sani ba.

Akwai wani laifin da ya girmi duk waɗannan, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ka ce ƙwaƙwalwar mota tana rage mata ƙarfi don kada injin ya fashe, ba tiyo kaɗai na tuna ba. Mai sunanka na tuna. Shekarunsa na ƙarshe yana jan babbar mota daga nan zuwa Kudu, yakan dawo da ciwon kai, idanunsa jawur, wani lokaci ya dafa bango kafin ya shiga ɗaki. Ma'aikaciyar asibitin unguwa ta auna shi ta ce jininsa ya hau sosai, ya ajiye tuƙi ya huta. Ya dawo ya faɗa min yana jiran abin da zan ce. Ni kuwa bakin nan nawa da ba ya zama, na ce, “Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta ajiye min kai? Tsufa ne kawai yake maka sallama.” Na dafa masa zoɓo da tafarnuwa, na cika masa gora, ya yi dariya ya hau mota. Na so in ga dariyar ne, wallahi, ba wani abu ba. Tafiya uku ya ƙara. Ta ukun a kwance aka sauko da shi a tasha, bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma an aiko mana ɗan aike, ni na kore shi da wasa.

Kai ma irin jikinsa gare ka, da irin taurin kansa. In ka sa kai a cikin injin ba ka tuna abinci. Tun kana ƙarami haka kake, ranar da na kai ka rijiyar Kusugu sauran yara suna shan ruwa suna guje-guje, kai ka kafe sai ka leƙa ka ga inda ruwan yake fitowa, sai da na riƙe ka ta wuyan riga. To, a can babu mai riƙe maka riga. In jikinka ya rage maka ƙarfi, kada ka kashe ka tayar ka ci gaba kamar yadda ubanka ya yi a hanyar Baure. Ka tsaya ka nemi dalili. Ka ci abinci a kan lokaci, ka wanke baƙin man nan kafin ka sa hannu a kwano, kada ka shiga ƙarƙashin mota sai ka tabbatar an tokare ta da kyau. Salla kuma ba sai na faɗa ba.

Saura in gaya maka abin da na yi ranar Juma'ar da ta wuce.

Na jira ubanka ya sauko daga masallaci ya ci abinci, na aika aka kira min shi. Na ce, “Zo mu je wurin motarka.” Na ja bonet da kaina. Ya tsaya yana kallona, ya ce, “Iya, yaushe kika iya wannan?” Na ce, “Tun kana tsumma. Sa hannu nan ƙasa.” Ya lalubo ya jawo, sai ga tiyon da ƙullin ledata, har da zaren buhu a jiki. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya kai ledar hancinsa. Can ya ce, “Watau miyar da nake ta yabo...” Na ce, “Ita ce.” Ya fara dariya, ya zauna a kan dutsen nan na gindin darbejiya yana yi har da riƙe ciki, sai kuma na ga dariyar ta tsaya, ya sa hularsa a fuska. Na ba shi wuri.

Washegari Ɗanlami ya zo ya gani, ya riƙe baki, ya ce, “Yaron nan ya faɗa. Wannan ai aikin minti biyar ne, bari in yanko wani tiyon.” Ubanka ya ce a'a. Ya ce, “Wanda ya gano ciwon tun bai gani ba, shi zai sa hannu. A bar masa yadda yake.” Ya mayar da bonet ya rufe.

Haka motar take har yau. Ba ya yi mata lodi, iyakarta Sandamu, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, fitilar tana kunne a gabansa, ya hana kowa ya rufe ta. Ga gero ya fara nuna, masu kaya sun fara zuwa tambaya, yana ce musu su ɗan ƙara haƙuri. Sau biyu ina ganin sa ya ciro waya ya nemo lambarka ya mayar aljihu. Ni na haife shi, na san ba zai iya ba. Uba a garin nan bai saba buɗe baki ya ce wa ɗansa “na yi kuskure” ba, nasa uban ma bai taɓa yi ba. Motar da ya ajiye yana jiran ka, ita ce maganar tasa.

Ba na ce ka bar aikinka ba. Ka zauna ka koya, ka fi kowa. Abu biyu kawai nake roƙo. Ka kira shi, kada ka tsaya jiran ban haƙuri, ka gaishe shi ka ce, “Baba, ya mota?” Sauran zai zo da kansa. Sannan ka nemi izinin kwana biyu kafin a fara girbi, ka zo da akwatinka da tiyo kamu ɗaya. Ka shigo da akwatin ta ƙofar zaure, da rana, a gaban mutanen da suka ji an kore shi. Ni zan riƙe maka bonet.

Ga ƙulli nan na haɗo maka da takardar, ƙuli-ƙuli ne da yaji da daddawa guda shida. Kada ka ji tsoro, wannan a ɗaki ta nuna, shi ya sa ba ta kai waccan daɗi ba.

Allah ya yi maka albarka, ya sa hannunka ya zama waraka ga abin hawan mutane, ya kare ka daga faɗuwar ƙarfe da mugun abokin aiki. Ya kai ka lafiya duk inda ka nufa, ya dawo min da kai ina da sauran gani. In ka tashi tahowa ka hau motar da direbanta ba ya gudu, ka yi addu'a kafin ka zauna.

Furarka tana nan a ƙaramar ƙwarya. Na gaji da shanye ta ni kaɗai.

Wassalamu alaikum.

Taka har kullum, tsohuwar amaryarka mai laifi,
Iya